Bangon Mujalla da Hannun Malam Garba

Tun da na dawo daga Ibadan, duk yammacin da na zauna a dakalin gidanmu a Ƙofar Wambai, nan Bauchi, sai wani ya ce in ba shi labarin tafiyar. Na bayar sau da yawa, har na fara lura cewa kowane karo labarin yana ɗan canzawa, ba don ina ƙari ba, sai don ina manta wani abu in tuno wani. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya in huta. Kwana huɗu kawai na yi a garin, saboda haka abin da zan faɗa a kan mutanensa iya abin da idona ya gani ne. Wanda ya fi ni sanin wurin yana iya gyara mini.

Ga dalilin tafiyar. Bayan na gama hidimar ƙasa na zauna gida ba aiki na wani lokaci, har Malama Rakiya ta ɗauke ni gwaji. Ita ce ke shirya 'yar mujallar da malaman firamaren unguwanninmu suke fitarwa sau biyu a shekara, ni kuma aikina duba kurakurai. Fitowar wannan karon an ware ta ne don karrama Malam Garba, hedimastan wata firamare a Ƙofar Ran, wanda zai ajiye aiki. Za a raba mujallar a bikin sallamarsa, ranar Lahadi bayan la'asar.

Na san Malam Garba tun kafin ya zama hedimasta, shi ya koyar da ni a aji ɗaya. Ni da hagu aka haife ni. Shi ne ya mayar da ni dama: kullum kafin a fara rubutu sai ya sa mini ɗan dutse a tafin hannun hagu ya ce in dunƙule, kada in saki sai an tashi. Bai taɓa dukana a kai ba. A makarantarsa, yaron da ya miƙa wa malami littafi da hagu sai ya koma wurin zamansa ya sake tasowa. Duk Ƙofar Ran an san shi da wannan.

Hoton da kwamitin mujallar ya zaɓa don bango an ɗauke shi ne a cikin aji. Malam yana tsaye daga dama, da farar riga da hula, yana miƙa wa wata ɗaliba littafi, ita kuma ta ɗan rusuna ta karɓa da hannu biyu. Allon da ke bayansu bai fito sosai ba. A fitowar baya an tura aikin ta waya ba wanda ya je, sai fuskokin malamai suka dawo kore-kore, aka yi wata guda ana tsokanarsu. Don haka wannan karon aka ce sai mutum ya je maɗaba'ar, can Ibadan, ya gani da idonsa.

"Ka duba sosai kafin ka sa hannu," in ji Malama Rakiya. "In ka sa, to kai ka sa, ba kwamiti ba."

Na koma gida na rubuta abubuwa goma sha biyu da zan duba a ɗan littafina: sunan mujalla, launin fuska, kanun labarai, sunan Malam, kada yanka ya ci rubutu, da sauransu. Na haddace su kamar karatu.

Abokin tafiyata shi ne Oga Tunde, mai shagon littattafai da kayan rubutu kusa da Wunti. A Bauchi aka haife shi, Hausarsa irin ta gari ce wadda ba ta damu da mace ko namiji ba. Shi ya haɗa kwamiti da maɗaba'ar, ta wani ɗan'uwansa ce, kuma dama zai je sarin kaya ya gaida mahaifiyarsa. Muka tashi ranar Litinin bayan asuba a bas. Na sa aikin a filas na kwamfuta guda biyu, ɗaya a aljihun gaba na riƙe da fil, ɗaya a cikin safa. Ya gan ni ina taɓa ƙirjina tun kafin mu wuce Toro.

"Edita, zuciyarka ne yake ciwo ko filas ne yake ciwo?"

Tun daga nan sunana ya zama Edita a motar. Har wata mata mai goyo da ke bayanmu in za ta miƙo ruwa sai ta ce a ba Edita.

Mun sayi masa a tasha don mu kai wa mahaifiyarsa tsaraba, saboda ya ce ba abin da take kewa a Bauchi kamarta. Kafin mu gangara daga Jos an ci rabi, kafin Akwanga ba saura. Ni uku kawai na ci, ina so a rubuta wannan. Bayan Keffi tayar baya ta fashe, muka yi kusan awa biyu a gefen titi, saboda safayar ma ba iska. Wani dattijo mai kai albasa kudu ya shimfiɗa buhu muka yi azahar a kai, ya ce mini shekara da shekaru yana bin hanyar nan bai taɓa isa a ranar da ya yi niyya ba. Na rubuta wannan ma, ban san me ya sa ba.

Ba iyakar ƙasa a hanyar, amma akwai wurin da kowa a motar ya ɗauka iyaka ne, wato gadar kogin Kwara kafin Lokoja. Direba ya rage waƙa, matar nan ta yi addu'a irin tasu, dattijon ya yi irin tamu. Da muka haye Tunde ya ce, "To Edita, daga nan kai ne baƙo, ni ne ɗan gari." A shingayen hanya an sha tambayata abin da ke cikin ambulan ɗina. Wani jami'i ya zaro hoton Malam Garba ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko ɗan takara ne. Na ce malamin makaranta ne. Ya mayar mini da hannu biyu.

A Lokoja muka kwana, a wani masauki kusa da tasha mai fanka mai ƙara. Na ci soyayyen kifi da wani abu da aka ce mini rogo ne, ko da yake ban tabbata ba. Washegari muka bi ta Okene da Akure, muka shiga Ibadan bayan la'asar.

Garin yana da girma fiye da yadda na zata, tudu da gangare, rufin kwano duk ya yi tsatsa har iya ganinka. Abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar farko shi ne gaisuwa. Oga Tunde, mutum mai tumbi da 'ya'ya huɗu, wanda a Wunti ko daga kujera ba ya tashi, ya kwanta rub da ciki a tsakar gida gaban mahaifiyarsa. Ni na tsuguna irin namu, na rasa ko hakan ya isa. Mama ta yi dariya ta ce in tashi.

"Ɗana, ai ni 'yar Bauchi ne. Shekara talatin ina sayar da kwanuka a can. Ina masa na?"

Tunde ya nuna ni. Ban kare kaina ba, don ban san ko ya dace baƙo ya ƙaryata ɗan gida a gaban uwarsa ba.

Ta ba mu amala, wani baƙin tuwo na garin doya, da miya mai yauƙi da na yi ta ɗari-ɗari da ita har sai da na ɗanɗana na gane lalo ce. Barkononsu dai ya fi ƙarfina. Na kuma lura suna da gaisuwa ga kowane hali: mai zaune, mai tsaye, mai aiki, wanda ya dawo. Mu ma muna da sannu da aiki da sannu da hutawa, amma ina jin sun fi mu yawa, ko kuwa don ba na jin yaren ne ya yi mini yawa.

Ranar Laraba muka tafi maɗaba'a a Mokola. Unguwa ce da kusan kowane shago injin buga takarda ne, ƙasa duk yankakkun takardu, ana ta fitar da kalanda da takardun biki da na jana'iza masu hoton mamaci cikin ado. Ɗan'uwan Tunde, Femi, shi ne mai tsara shafuka kuma shi ke kula da wurin. Mutum ne mai natsuwa, wanda ya san aikinsa. Da Turanci muka yi magana. Cikin mujallar baƙi da fari ne, ba wuya, aka fara bugawa nan take. Bango ne mai launi, shi ne Femi ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya yi mini bayani.

Ya ce idon mai karatu daga sama ta hagu yake shiga, don haka sunan mujalla can zai zauna, fari a kan kore. Daga nan ido fuskar mutum yake nema. In ya samu fuskar, sai ya bi inda fuskar ke kallo. Saboda haka mutumin da ke bango bai kamata ya kalli gefen ɗinki ba, ya kamata ya kalli gefen da ake buɗewa, kamar yana cewa shigo. Ya ce a hotonmu Malam yana kallon ɗinki, shi ya sa ya juya hoton, ya dawo da shi hagu yana fuskantar dama, kanun labarai uku kuma suka jeru daidai inda idonsa ya nufa. Ya rage hasken taga, ya fito da farin rigar.

Ba zan ɓoye ba, ya gaya mini ya juya hoton, da bakinsa, kuma na ji. Har na rubuta bayanin a littafina don ya burge ni, ina tunanin zan maimaita wa Malama Rakiya. Aka fitar mini da takardar gwaji mai sheƙi. Na fita da ita waje don in ga launin a hasken rana. Fuskar Malam ba kore ba ce. Na bi abubuwana goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, sau uku. Na karanta sunansa harafi-harafi. Na yi kusan awa guda, har Femi ya fara duba agogo. Sannan na sa hannu. Ya ce za a yi farantan bugawa, wato fallayen ƙarfen da ake ɗaura wa inji, a yammacin, a buga bango Alhamis da hantsi, a ɗinke, mu kama hanya Juma'a. Na bi ta Sabo na yi la'asar cikin Hausawa, na sha fura, raina a kwance karon farko tun Bauchi.

Alhamis da safe muna karyawa, Mama ta ce in nuna mata aikin da ya kawo ni tun daga Bauchi har na cinye mata masa. Na ɗauko kwafin gwajin da Femi ya ba ni. Ta riƙe shi nesa da fuskarta, tana laluben gilashinta da ɗaya hannun. Ba ta ma kai ga sa shi ba.

"Wannan dattijo, malami ne ka ce?"

"Hedimasta ne, Mama."

"To wane ne ya rene shi? Babba da shi yana ba yarinya littafi da hagu."

Na karɓi takardar na duba. Hannun hagu ne. Agogonsa ma ya koma dama. Abin yana tsakiyar shafin, shi ne ma abin da hoton ke nunawa, kuma na yi awa guda ina kallonsa jiya.

Na sha tambayar kaina yadda aka yi ban gani ba. Amsar da nake da ita, ko da yake ban ce ita ce duka ba: ni har yau in ba na tunani, da hagu nake ɗaukar kofi, da hagu nake buɗe ƙofa. Damar da nake rubutu da ita koyo ce. Da na kalli mutum yana miƙa abu da hagu, idona bai ga wani abin tsayawa ba. Kuma ba ya cikin abubuwa goma sha biyun.

Tunde ya leƙo ya ce, "Kai. Malam Garba kuma. Da wani ne ma da sauƙi."

Abin da ke cikin raina ke nan. Za a raba wannan a filin makarantarsa, gaban mutanen da ya yi shekaru yana mayar da su wurin zama saboda hannun hagu. Ba wanda zai yi masa rashin kunya. Za a dai yi ta miƙa wa juna ana murmushi, a ajiye a gidaje, kuma a Ƙofar Ran irin wannan ba ya mutuwa.

Na kira Malama Rakiya sau biyar a cikin tasi a hanyarmu ta maɗaba'a, wayarta a kashe, lokacin jarrabawa ne tana aji. Muka iske an ɗaura farantan a inji, ana gwada tawada. Na ce wa Femi don Allah a dakata. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, sai da na maimaita.

Ya kalli takardar. Ya ce a gidansu ma da ya miƙa wa kakarsa abu haka da ya sha mari, amma shi a kwamfuta fuska da layi yake gani, ba hannu ba. Sannan ya ce, a gaskiya, mutum nawa ne za su lura?

"Mama ta lura ba gilashi," in ji Tunde.

Femi ya kawo shawara: a bar hoton a juye, a matso da shi, a yanke daga ƙirji, fuskoki kawai. Na ce ina ganin, in ban yi kuskure ba, saboda littafin ne kwamiti ya zaɓi hoton. Ya ce to in an mayar da shi yadda yake, Malam zai kalli ɗinki, ya ba kanun labarai baya, dole a sauko da su ƙasa a matse, bangon zai rage kyau. Kuma sababbin faranti ba za su samu ba sai yamma, injin kuma an riga an ba wasu masu jana'iza daga azahar. Sai Juma'a. Mu tashi Asabar, mu isa Bauchi Lahadi, in taya ba ta fashe ba. Ya ɗauko takardar jiya ya nuna mini sa hannuna, ba da faɗa ba, don dai in san inda maganar take.

"Kai za ka faɗa, Edita," in ji Tunde. "Ni kwali kawai zan ɗauka."

Na sake kiran Malama, a kashe. Ni mutum ne da ko takalmi zan saya sai na tambayi mutum biyu. Na auna: in mun makara, za a yi biki ba mujalla, kuma gwajin da ake yi mini ya ƙare ke nan. In an buga haka, za mu isa da wuri, wataƙila ma a yaba mini kafin wani ya lura. Na tsaya ina kallon injin, sai na ji na dunƙule hannun hagu a aljihu, kamar akwai dutse a ciki.

Na ce a sauke farantan.

Femi bai yi gardama ba. Muka zauna ya mayar da hoton, ya sauko da kanun ƙasa a kan wani koren layi. Gaskiyarsa ce, bai kai na farko kyau ba. Malam yana kallon ɗinki kamar mai shirin fita daga shafin. Na ƙara abu na goma sha uku a littafina, na sa hannu a karo na biyu. Da yamma Malama Rakiya ta kira, na yi mata bayani. Da na gama ta ce, "Allah Ya kawo ku lafiya." Ban iya gane ko yabo ne ko akasinsa ba.

Juma'a na yi masallaci a Sabo, na dawo na iske ana ɗinki. Mama ta ba ni garin amala a leda in kai gida, ta ce in na sake zuwa ba masa kada in shigo. Komawar ba ta da labari sosai, sai dai duk ramin da muka faɗa sai na saurari taya. Mun kwana a Lokoja a ɗaki ɗaya da kwalaye uku. Mun maƙale a bayan wata tirela a hawan Jos. Mun shigo Bauchi ana kiran la'asar, muka loda kwalayen a keke mai ƙafa uku daga tasha zuwa Ƙofar Ran, ko wanka ban yi ba.

An kafa rumfuna a filin makarantar, an jera kujerun roba, an riga an buɗe taro da addu'a. Malama Rakiya tana tsaye a bakin ƙofa. Ta yage kwali, ta zaro ɗaya, ta kalli bangon, ta kalle ni.

"Jeka ka ba shi da kanka."

Na je na tsuguna gaban Malam Garba, na miƙa masa da hannu biyu. Ya tsufa fiye da yadda yake a hoton. Ya riƙe mujallar nesa da fuskarsa, daidai yadda Mama ta yi.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Wannan karon ba mu yi kore ba." Na kusa da shi suka yi dariya. Sai ya sauke ta ya dube ni da kyau. "Kai ba Sabi'u ba ne, na gidan Malam Iro? Mai dutse?"

"Ni ne, Malam."

"Hannun ya zauna?"

"Ya zauna, Malam."

"Madalla," ya ce, ya juya shafi.

Ban ba shi labarin ba, kuma ba na jin Malama ta ba shi. In wani cikinku ya karanta wannan ya kai masa, ba zan ce ya yi laifi ba, amma da an bari ya huta. Har yanzu ina aikin mujallar. Ba a ce mini gwajin ya ƙare ba, ba a kuma ce in daina zuwa ba.

Takardar gwajin farko tana nan a cikin akwatina, da sa hannuna a ƙasa. Wani lokaci nakan ɗauko ta in duba: Malam Garba cikin farar riga, yana kallon gefen da ake buɗewa, yana miƙa wa yarinya littafi da hagu. Na san kuskure ne, ni na tsayar da inji a kansa. Amma har yau, duk sanda na buɗe ta, sai na tuna wa kaina tukuna kafin in ga abin da ya ɓaci.